Kwalin da Inna ta ɓoye a cikin kwalla

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ya sa ni ne na ƙarshe da ya ji labarin ƙafafun Inna. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san yadda abin yake: ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta zauna ta ce mini ga inda ke yi mata ciwo. Ƙanwata mai bi mini ce ta tare ni a zaure wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ce, "Yaya, ka kuwa san Inna ta fi wata shida rabonta da barcin kirki?"

Ban sani ba. Kullum da la'asar in na tashi daga lakwal, wato makaranta, sai na biya Birni na gaishe ta, ta amsa da "lafiya lau" tana kallon wani gefe, in hau moto in koma gidana a Garin Malam. Ashe da dare ya raba sai ta tashi zaune, ta jawo bokiti, ta tsoma ƙafafunta cikin ruwan randa har kiran assalatu. A Damagaram, inda ake sayen ruwa bido-bido a hannun ƴan garuwa, tsohuwa ta ware bokiti guda kowane dare don ƙafa kawai, ai ka san abin ya kai inda ya kai.

Yadda ta kwatanta wa ƙanwata ciwon, har yau bai bar kaina ba. Ta ce kamar an daka barkono an cusa mata tsakanin fata da tsoka. Wani lokaci kamar cinnaku na yawo a yatsunta, wani lokaci kuma kamar an caka mata allura, ta zabura. Ko cikin hunturu, da sanyi ke ratsa bango, ba ta yarda mayafi ya taɓa mata tafin ƙafa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙafar nan da ke kukan zane ya taɓa ta, ita ce ƙaya ta soka a tsakar gida Inna ba ta ji ba, sai da jikarta ta ga jini a takalmi.

Ciwon sukari ta daɗe da shi, ya haura shekara goma. Amma ba wanda ya haɗa shi da ƙafa. An sha parasetamol, an sha diklofenak daga farantin masu talla, an shafa man zafi, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Wata ƙawarta ta ce ai tsallaka wani abu ta yi, aka kawo rubutu da turare. Ban raina wa kowa ƙoƙarinsa ba, ni ma da hannuna na sayo wani sassaƙe a Kasuwar Dole ranar Alhamis.

A farkon 2023 muka kai ta wurin lokotoro. Bai yi gaggawa ba. Ya sa ta cire takalmi, ya ce ta rufe ido, ya ɗauko wani siririn zare mai tauri kamar na fatsa, yana taɓa tafin ƙafarta wuri-wuri. "Hajiya, kin ji?" Ta yi shiru. Ya matsa gaba. "Nan fa?" Sai da ya hau kusa da idon sawu ta ce ta ji. Sannan ya tura mu a auna jini, ba don sukari kaɗai ba, har da ƙoda.

Bayanin da ya yi mata ya fi duk wanda na karanta daga baya shiga kai. Ya ce jijiya ƴar aike ce tsakanin ƙafa da ƙwaƙwalwa. Sukari in ya daɗe yana yawa a jini yakan cinye ta a hankali, yana farawa daga mafi tsawo, shi ya sa yatsun ƙafa ke fara ɗanɗanawa. Ƴar aiken ta rikice: saƙon gaskiya, irin na ƙaya, ba ta kai shi, na ƙarya kuwa tana ta kaiwa dare da rana, wai wuta na ci alhali ba wuta. Diklofenak maganin kumburi ne, a nan kuwa babu kumburin da zai kashe, sai dai ya ɓata mata ciki da ƙoda a banza. Ya hana ta tsoma ƙafa a ruwa, ya ce fatar za ta yi laushi ta tsage, rauni kuma a ƙafar mai sukari ba ya jin magani da wuri.

Ya rubuta gabapentin. Ya ce ta fara da miligiram 100 da dare, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan ƴan kwanaki, har ta kai 300 sau uku a yini. Dalilin awon ƙoda kuwa, maganin nan ba hanta ke narka shi ba, ta fitsari yake fita yadda ya shiga, in ƙoda ta yi rauni sai ya taru a jiki. Ya kuma gaya mana gaskiyar da ban so ji ba: ba kowa yake yi wa aiki ba. Cikin mutum goma, wajen uku zuwa huɗu ne ciwonsu ke raguwa da rabi, kuma in ya ragu da rabi, wannan shi ake kira nasara. Jijiyar da ta lalace ba za ta dawo sabuwa ba. Inna tana shan wani farin ruwan maganin gyambon ciki, ya ce a bar awa biyu tsakaninsu don yana tare wa gabapentin hanya a hanji. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ya ce kada a kuskura a tsayar da shi rana ɗaya, in za a bari sai an sauko a hankali, aƙalla cikin mako guda.

Makon farko gyangyaɗi ya same ta a kan darduma, carbi a hannu. In ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta ta dafa bango, muka sa yarinya tana raka ta bayan gida da dare. Idon sawunta ya ɗan kumbura. Amma zuwa mako na huɗu ƙanwata ta buga mini salula da sassafe, muryarta na rawa, ta ce Inna ta makara sallar asuba. Ban taɓa jin an yi murna da makara irin ta ranar ba.

Sai ɗan ƙanena ya shigo cikin zancen. Yaro ne ɗan koleji, mai son a san ya iya Faransanci. Ya zaro takardar nan mai ƙananan rubutu da ke cikin kwali, ya warware ta a tsakar gida, mata na tankaɗe, ya karanto da ƙarfi har ya kai kan kalmar épilepsie. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai! Ashe maganin farfaɗiya Kaka ke sha."

A lokacin saura mako biyar a ɗaura auren autarmu. Dangin miji na ta shige da fice, yau a kawo wannan gobe a zo ganin wancan. Inna ba ta ce wa kowa uffan ba. Kwalin dai ya ɓace daga kan taga, ƙanwata ta tambaya, ta ce ta adana shi.

Kwana biyu bayan haka barci ya ƙaurace mata. Gumi, tashin zuciya, ciwon kai, ga wata fargaba da ba ta san dalilinta ba, ƙafa kuwa ta dawo da wutarta har da riba. Muka ɗauka masassara ce, aka auna, ba a ga komai ba. A kwana na biyar ƙanwata na gyara jere ta buɗe babbar kwallar da ke can ƙasa, wadda Inna ta zo da ita tun aurenta, sai ga kwalin a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ta ƙirga ƙwayoyin. Ko ɗaya ba a taɓa ba tun ranar da yaron nan ya yi karatunsa.

Na shiga ɗakin na durƙusa bakin ƙofa. Na ce, "Inna, me ya sa kika bar shan magani?" Ba ta dube ni ba. Ƙanwata ta kalla, ina zaune a wurin, ta ce, "Ki faɗa wa wancan, ni ba zan sha abin da zai sa a fasa auren ƴata ba. In aka ji akwai farfaɗiya a gidan nan, wa zai sake taka mana zaure?"

Washegari muka koma wurin lokotoro. Na zaci zai yi faɗa, sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, in kika ga mutum da igiya, ba lalle rijiya za shi ba. Wataƙila akuya zai ɗaure." Ya ce gaskiya ne, don farfaɗiya aka fara yin maganin. A 1993 aka ba shi izini a Amurka da sunan Neurontin, a matsayin ƙari ga masu irin farfaɗiyar da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. Daga baya aka lura masu ciwon jijiya na samun sauƙi da shi, kuma ba abin mamaki ba ne, don matsalar ƴan uwan juna ce: a farfaɗiya jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa su saki saƙo gaba ɗaya ba tsari, a ƙafar Inna kuwa jijiyoyin ƙafa ne. Maganin yana maƙalewa a wasu ƴan ƙofofi da sinadarin kalsiyam ke shiga jijiya ta cikinsu, sai yawan saƙon ya ragu. Ƙanensa pregabalin, wanda aka fi sani da Lyrica, ya fito a 2004, hanyarsu ɗaya. Tegretol ma na farfaɗiya ne amma shi ake ba mai ciwon jijiyar fuska, wanda ko iska ta taɓa masa kunci sai ya yi ƙara. Laroxyl kuwa asalinsa na ciwon damuwa ne, ga shi ana ba masu zafin ƙafa kaɗan da dare. Sunan da ke kan takarda ba shi ne sunan ciwon mai sha ba.

Ya sake farawa da ita daga ƙasa, kamar ranar farko. Aka yi biki lafiya, Inna ta wuni a tsaye tana karɓar baƙi, ana ta rabon alkaki.

To amma akwai maganar da na yi a ɗakin nan da har yanzu take cina. Da nake lallashinta cewa na yi, "Inna, ke ai ba ki da farfaɗiya, Allah ya kiyaye." Na faɗe ta kamar mai wanke ta daga zargin sata. Ban lura da nauyinta ba sai da na kwanta, wata yarinya ta faɗo mini a rai.

Shekaru da suka wuce, ina sabon mushe, wato malamin lakwal, ina riƙe da aji uku a wata lakwal ta bayan gari. Wata safiya muna cikin lissafi yarinya ta yi ƙara ta kife daga benci, jikinta ya sanƙare, sannan ya hau karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Yara suka watse, wasu ta taga, suna ihun kada yawunta ya taɓa su. Ni fa? Na ja da baya har na jingina da allo. Ina da takardar shaidar koyarwa a aljihu, amma abin da kakata ta gaya mini ina yaro shi ya riƙe mini ƙafa. Mai gadi ne, tsoho, ya shigo ya janye bencin daga kusa da kanta. Bayan mako biyu iyayenta suka cire ta, wai sauran iyaye sun yi ƙorafi. Ban je gidansu ba. Ban ce komai ba.

Da na san abin da na sani yanzu, aikin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. A kawar da abin da zai ji mata rauni, a sa mata wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in karkarwar ta lafa a juya ta ta kwanta a gefe don yawu ya zuba. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa. In ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, ko wata ta biyo wata, sai asibiti. Yawu ba ya ɗauke da farfaɗiya, numfashi ma haka. Sau da yawa tabo ne a ƙwaƙwalwa: wahalar haihuwa, masassarar da ta hau kai, buguwa a haɗarin moto, ko sanƙarau, wanda mu a yankin nan ba baƙonmu ba ne, kusan duk rani sai an ji ɗuriyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun kai wajen miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha ba fashi. Gardenal, wanda ake amfani da shi tun 1912, yana cikin mafi arha a farmasi. Ban ce kowa ya je ya saya ba, don farfaɗiya iri-iri ce, maganin wata yana iya tsananta wata, shi kansa gabapentin akwai irin da ba ya yi wa komai. Depakine kuma, shi ma maganin farfaɗiya, yana cutar da jariri a ciki, dole mace ta gaya wa likita in tana shirin haihuwa. Abin da nake nufi, yarinyar nan da wataƙila ƙwaya ɗaya kowane dare ta ishe ta ta gama lakwal.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki, magani ya yi wuya a gari. Na zaga farmasi ɗaya bayan ɗaya a Zengo da Sabon Gari da takardar lokotoro a hannu, ana ce mini ya ƙare, sai an kawo. Ƙwayoyin Inna saura na kwana tara. Na buga wa lokotoro, ya tsara mini yadda za a rage mata a ja su su daɗe, maimakon a sha cikakke a wayi gari babu. A ɗaya daga cikin layukan nan na tsaya kusa da wani dattijo daga wajen Mirriya, shi ma da tasa takardar. Ɗansa ke da farfaɗiya, shekara biyu bai faɗi ba. Ya faɗa mini a hankali, yana waige-waige. Ni in maganin Inna ya yanke, barci za ta rasa. Shi kuwa in na ɗansa ya yanke farat ɗaya, faɗuwa na iya zuwa a jere ba hutawa, irin wadda ke kai mutum kabari. Na rasa abin da zan ce masa, sai na ce Allah ya sa a dace.

A wannan yawon ne wani ɗan kabu-kabu ya ji abin da nake nema, ya yi dariya ya ce, "Mushe, kana wahalar da kanka. Biyo ni bakin tasha." Ban san maganin Inna yana da wata kasuwa ba sai ranar. Pregabalin mai 300, a ɓalle, ba kwali ba takarda, a rana, ana sayar wa samari ƙwaya-ƙwaya. Wai yana sa mutum ya ji yana yawo a iska. Suna haɗa shi da tramol a fada, a kora da shayi. Wannan haɗin kuwa shi ne mafi muni, don kowannensu na rage numfashi, in suka taru mutum na iya kwantawa barci ya zarce. Ba mu kaɗai ba ne: Ingila ta sa gabapentin da pregabalin cikin magungunan da ake tsarewa tun Afrilun 2019, Faransa kuma tun 2021 sai da takarda ta musamman ake ba da pregabalin. Ban saya ba. Ko da na so, ban san me ke cikin ƙwayoyin ba, kuma miligiram 300 na pregabalin ba ɗaya yake da 300 na gabapentin ba, ya fi shi ƙarfi nesa. Wani abokina ne a Yamai ya samo mana kwali biyu a farmasi, ya ba direban motar safe, na je tasha na karɓa cikin dare.

Azumin 2024 ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu. Lokotoro ya ce da sukarinta da shekarunta, addini ya ɗauke mata. Ta ce ta ji. Ta yi shiru irin wanda duk mun san ma'anarsa. Da ya ga ba za ta bari ba sai ya sake lissafi, ya mayar da shan sau biyu, da sahur da kuma bayan shan ruwa, ya gyara na sukarin ma, ya ce in ta ji jiri ko rawar jiki ta karya nan take. Ta kai goma sha ɗaya, ta sha sauran, ta ciyar.

Yanzu ciwon bai tafi ba. In ka tambaye ta, ta bakin ƙanwata, cewa take barkonon ya koma yajin jego, ana jin sa amma ana iya kwana da shi. Ta yi ƴar ƙiba. Kowane dare jikarta na haska mata tafin ƙafa da tocila tana duba tsakanin yatsu, kuma an hana ta yawo ba takalmi ko da daga ɗaki zuwa madafa ne.

Watannin baya wani ɗan ƙanwar babanmu, saurayi majiyin ƙarfi, ya zo gaishe ta. Da zai tafi ya ce bayansa ke ciwo, ko za ta taimaka masa da ƙwaya biyu cikin nata. Inna ta ce ya ƙare. Bayan ya fita ta kira ƙanwata, ta sa ta sauko da jere, aka mayar da kwalin cikin babbar kwallar nan ta ƙasa, a naɗe cikin ɗankwalin dai na da. Sau uku a yini sai an ɗaga kwanoni bakwai kafin a kai gare shi. Ƙanwata ta yi mita, ta ce a saya mata akwati mai kwaɗo. Inna ta ce ba ta taɓa ganin namijin da ya buɗe kwallar tsohuwa ba.